Zauren 'Yan Mata: Waƙar Da Aka Rera Baki A Rufe

Masu rubuto wasiƙa suna tambayar inda littafina na gaba ya maƙale, don Allah ku ƙara haƙuri, yana nan tafe, kun dai san yadda takarda ta yi tsada.

Yau ba zancen kwalliya na zo da shi ba, ba kuma na girki ba. Labarin wani wasa zan ba ku, wasan da na ɗauka na raha ne kawai, ashe zai iya girgiza amincin shekara ashirin cikin minti ɗaya. Abin kunyar ma shi ne, ni ɗin nan da nake cika ku da nasiha kowane wata, ni aka ari bakina aka ci albasa da shi. Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, sai da na nemi izinin masu abin, suka ce in rubuta amma in sakaya sunaye. Don haka ɗaya zan kira ta Amarya, ɗayar kuma Aminiya.

Amarya 'yar baffana ce, a cikin birnin Kano suke. Aminiya kuwa maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya ta raba su. Tun tana 'yar shekara biyu auren iyayenta ya mutu, uwarta ta koma garinsu, sai ya zama a ɗakin Umman Amarya take wuni, can take ci, sau da yawa ma can take kwana. Umma ta goya wannan ta goya waccan, anko ɗaya take ɗinka musu da sallah, har baƙo ba ya gane wacce ce 'yar gida. Muna aji uku na sakandare Allah ya yi wa Umma rasuwa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

To ga inda gizo yake saƙar. Angon nan, wajen Aminiya ya fara zuwa zance, kusan shekara guda yana sintiri. Da aka ce ya fito, sai ya ce bai shirya ba, magana ta watse. Bayan shekara biyu sai ga shi ya turo gidan baffana. Amarya ba ta amsa ba sai da ta je har ɗaki ta sami Aminiya ta ce, “Ke kaɗai nake jin nauyi, in kin ce a'a wallahi na haƙura.” Aminiya ta yi dariya ta ce, “Haba ke kuwa, ba komai, ai matar mutum kabarinsa.” Mu duka muka yaba mata, muka ce ga amana. Babu wadda ta tsaya ta leƙa abin da ke ƙarƙashin wannan “ba komai” ɗin, alhali mu mata mun fi kowa sanin nauyinta.

Ranar Alhamis da daddare aka yi sa lalle. Mu goma sha bakwai ne a ɗakin, har da ƙannen ango su biyu da suka rako kaya suka zauna. Kowacce an ɗaure mata hannu da ƙafa a leda, ba mai iya taɓa waya, ga shi an ɗauke wuta, janareton ma man ciki ya ƙare. Muka yi jugum a hasken fitila mai caji, sauro yana ta shagalinsa ba hannun kore shi. Nan autar gidan ta ce, “Ku zo mu yi cankar waƙa, yadda muke yi a hostel.” Ta ce mutum zai rufe bakinsa ya rero karin waƙa da hanci, ba kalma ko ɗaya, wadda ta riga canka ta ci maki ɗaya, ita ce kuma za ta yi na gaba. Yayar Amarya ta sa kyautar ɗankwali sabo dal ga wadda ta fi maki, wadda ta zo ƙarshe kuma ita za ta wanke tukwanen waina da safe.

Kai jama'a, mun sha dariya! Wata in ta fara sai ka rantse ƙudan zuma ne ya shiga tulu. Wata kuma dariya ce take kwace mata tun ba ta kai ko'ina ba. Da aka rero waƙar fim ɗin Sangaya na su Ali Nuhu da Fati Muhammad, baki biyar ne suka amsa lokaci guda, alhali fim ɗin ya girmi rabin 'yan matan da ke ɗakin. Wata ta ɗauko ta Barmani Choge, ta haɗa da buga gwiwar hannu a bayan fanteka a madadin ƙwarya, sai ga manyan mata suna leƙowa daga tsakar gida suna rangaɗa guɗa. Hajiya Barmani 'yar Funtuwa ta rasu tun 2013, amma har gobe in an taɓa kiɗan amada jikin mata sai ya motsa.

Gardamar farko da aka yi ma ta ilimi ce. Ƙanwar ango ta rero wani kari, wata ta ce waƙar Indiya ce, wata ta ce ƙarya ne ta fim ɗin Hausa ce, sai wata 'yar Islamiyya ta ce ita dai a waƙar bege ta san shi, da mandiri ake yi. Aka yi ta musu har da rantsuwa, ashe duk su ukun gaskiya suka faɗa. Kari ɗaya ne ya sa riga uku. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tarihin garin nan. Tun shekarun 1960 finafinan Indiya suke cika gidajen sinima a Kano, maza suna tururuwa irin su Plaza da Orion da Marhaba. Iyayenmu mata kuwa a gida suka gan su, ta talabijin, musamman tashar CTV wadda yanzu ake kira ARTV, daga baya kuma kasat ɗin bidiyo ya zo. Muryar Lata Mangeshkar, wadda ta rasu a 2022, da ta Mohammed Rafi, wanda ya rasu tun 1980, sun shiga ɗakunan matan aure da ba su san kalmar Indiyanci ko ɗaya ba. Da aka fara finafinan Hausa na bidiyo, daga Turmin Danya a 1990, ba a jima ba mawaƙa suka riƙa aron karin can suna ɗora masa Hausa. Shi ya sa sai ki ji waƙa ki rantse kin santa, amma sunanta ya ƙi zuwa.

Ana cikin haka yi ya zo kan Aminiya. Tun farkon dare ba ta cika magana ba, muka ɗauka gajiya ce, don ita ta yi ta zirga-zirgar rabon kati da karɓo anko. Ta gyara zama, ta ɗago kai ta dubi Amarya ido cikin ido, ta fara rerawa a hankali. Aminiya Allah ya ba ta murya, ko da hanci ta yi sai tsikar jiki ta tashi. Ni kuma a lokacin makina shida, ƙanwar ango tana da shida, idona ya rufe, ɗankwali kawai nake hange. Ban lura ɗakin ya yi tsit ba. Ban lura yayar Amarya tana harara ta ba. Sai kawai na daka tsalle da ƙafafuna a leda na ƙwala sunan waƙar da ƙarfi, har na ƙara da cewa, “Wadda ake yi wa ƙawar da ta ci amana ta aure saurayin ƙawarta!”

Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa. Magana zarar bunu. Ashe kowa a ɗakin ya gane waƙar tun a numfashin farko, kowacce ta haɗiye, ni kaɗai ce sakarar da ta fassara. Amarya ta sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a kan ledar hannunta, ba ta ma da hannun sharewa. Ƙannen ango suka dubi juna, irin kallon nan da kin san gobe labari ya isa kunnen uwar miji. Yayar Amarya ta miƙe ta ce, “Aminiya, a gidan namu? A daren nan?” Ita kuwa ta ɗage kafaɗa ta ce, “Yo ni me na ce? Kun ji na buɗe baki? Wasa aka ce a yi, na yi. Ga wadda ta yi magana nan.” Ta nuna ni da haɓa.

Wallahi 'yan uwa, da ƙasa za ta tsage da na shige. Kuma abin haushin, ta wani ɓangaren gaskiyarta ne, ba ta furta komai ba. Amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Daga baya na zauna na yi tunani, me ya sa kari tsura, ba kalma, ya soki mutum haka? Sai na tuna abin da malamin Hausa ya koya mana a aji huɗu, muna ta hamma ba mu saurara ba. Ya ce Hausa harshe ne mai karin sauti, wato hawa da saukar murya suna cikin ma'anar kalma. Wuyan da ake rataya sarƙa da wuyar da ake sha a rayuwa, a rubuce kusan abu ɗaya ne, murya ce take raba su. Shi ya sa kalangu yake magana. Makaɗi yana matse igiyoyinsa a hammata sauti ya hau, ya saki ya sauka, sai wanda ya san taken ya ji kalmomin ras kamar da baki aka faɗa. Sarakai suna da takensu, mahauta suna da nasu, manoma a gayya suna da nasu, 'yan dambe suna da nasu. Namiji yana zaune lafiya lau, a kaɗa masa takensa daga nesa, sai ki ga ya zabura jikinsa yana tsuma, alhali ba wanda ya ambaci sunansa. Ashe wasan da autarmu ta ɗauko daga makaranta, kakanninmu sun daɗe da saninsa, kuma sun san ba abin wasa ba ne. Wanda ya rero kari ya faɗi waƙar, ko ya buɗe baki ko bai buɗe ba.

Mu koma ɗaki. Hayaniya ta fara tashi, Aminiya tana ƙoƙarin yage ledar ƙafarta da haƙori wai gida za ta tafi, sai muka ji an ce, “Kai, ku yi mana shiru.” Gwaggo ce, yayar kakanmu, wadda tun magariba take kwance a kan tabarma a lungun gado, mun ɗauka barci take. Ta tashi zaune da ƙyar ta ce, “Tun ɗazu ina jin ku, daga ta Indiya sai ta fim. Saura tawa. Wadda ta canka, ni zan ba ta zanena na saƙi da ke cikin adaka.” Yayar Amarya ta ce, “Gwaggo, ai wasan ya ƙare.” Ta ce, “Ni ban ƙare ba. Ke kuma 'yar nan, zauna, ba a fita da lalle ɗanye.”

Ta rufe baki ta fara. Muryar tsufa ce, tana rawa, numfashi yana yankewa. Wani kari ne mai sanyi, gajere, yana zuwa yana dawowa kamar ana jijjiga yaro a baya. Muka kasa kunne. Ni da nake taƙamar na san waƙoƙi, ban taɓa jin sa ba. Ƙannen ango suka girgiza kai. Auta ta ce ko ta Shata ce, Gwaggo ta ce a'a da hannu, ta ci gaba. Ta maimaita sau uku, sau huɗu.

Sai muka ji shessheka daga bakin ƙofa. Aminiya ce. Ta durƙushe a wajen, murya tana sarƙewa ta ce, “Ta Umma ce. Wadda take mana in za mu yi barci.” Amarya ta ɗago, ita ma ashe ta gane, kuka ne ya hana ta magana. Waƙar reno ce da Umma ta taho da ita daga ƙauyensu, ba ta cikin kasat, ba ta cikin waya, ba wanda ya san wanda ya ƙago ta. Duk ɗakin nan mutum uku ne kawai suka san ta: mai rerawa, da 'yan mata biyun da aka goya da ita a baya ɗaya.

Gwaggo ba ta yi dogon wa'azi ba. Cewa kawai ta yi, “To kin ci zane. Wadda ta yi muku wannan tana kabari, ba ta bar wa ɗayarku abin da ba ta bar wa ɗaya ba. Ke kin ji ciwo kin ce ba komai, kin yi ƙarya. Ke kuma an ce miki ba komai kin yi saurin yarda don abin da kike son ji ke nan. Ku je ɗakina ku yi maganar da ya kamata ku yi tun bara.” Sannan ta juyo kaina ta ce, “Ke kuma marubuciya, ba duk abin da aka sani ake faɗa ba.” Har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni.

Sun fi awa guda a ɗakin Gwaggo. Abin da suka faɗa wa juna ban sani ba, ban kuma tambaya ba, na koyi darasi. Ba zan yi muku irin ƙarshen littattafanmu ba in ce komai ya koma kamar da. Aminiya ta zo ɗaurin aure, tana cikin motar kai amarya, ita ta riƙe mata mayafi har bakin gado. Amma labari ya riga ya isa gidan su ango, sai da baffana ya aika aka ba da baki, kuma har yanzu Aminiya ba ta zuwa gidan sai in maigidan ba ya nan. Suna waya, suna gaisawa, ranar suna ma ita ta yi kunun kanwa. Tabon dai yana nan. Ɗankwalin kuwa ni aka ba, yana ƙasan akwati, ban taɓa ɗaura shi ba.

Kada wata ta ce na hana wasan. Ko kusa. Wasa ne mai daɗi, ba ya cin ko sisi, ba ya buƙatar wuta, kuma ba mu kaɗai muke yin sa ba. A Amurka akwai shirin da ake kira Name That Tune, wanda aka fara a rediyo tun 1952, ana kaɗa kari mutane suna rige-rigen faɗin sunan waƙa. Indiyawa suna da nasu mai suna Antakshari, sai dai su da baki suke yi, harafin da wata ta ƙare da shi da shi ta gaba za ta fara tata, waɗanda suka kalli Maine Pyar Kiya na 1989 sun ga ana yin sa a ciki. Yanzu har waya ta shiga sana'ar: manhajar Shazam, wadda ta samo asali a Ingila a 2002, tana sauraren waƙa ta faɗi sunanta, kuma tun 2020 Google ya fito da hanyar da za ki rera da hanci ya nemo miki. Amma ta Gwaggo, na gwada da kaina bayan biki, waya ba ta san ta ba.

Don haka in za ku yi a bikinku, ko a hostel daren Asabar, ga abin da na koya da kuɗin kunyata. Na farko, a tara wayoyi a faranti ɗaya a kife, don na ga mai ɓoye tata a ƙarƙashin hijabi tana satar amsa. Na biyu, a naɗa alƙaliya wadda ba ta cikin wasan, mai rerawa ta raɗa mata sunan waƙar a kunne kafin ta fara. Wannan yana kashe musu, kuma in waƙar ta habaici ce alƙaliya ta ce a canza tun ba a ji ba. Da mun yi haka a daren nan da ba a kai ga hawaye ba. Na uku, in kari ɗaya yana da waƙa biyu ko uku, duk wadda ta kawo ɗaya ta ci. Na huɗu, hukuncin wadda ta faɗi ya zama na dariya, kamar shara ko wanke-wanke, ban da tonon asiri, ban da “faɗi sunan saurayinki” a gaban dangin miji. Na biyar, a raba zagaye: ɗaya na fim, ɗaya na Indiya, ɗaya kuma dole na gida, irin su Shata mai kalangu da ya rasu a 1999, da Ɗanmaraya Jos mai kuntigi da ya rasu a 2015, da waƙoƙin gaɗa da na daɓe da na niƙa. In akwai tsohuwa a gidan a jawo ta ciki, za ku sha mamakin abin da ke cikin kanta.

Na ƙarshe kuma, wanda ya fi duka: in kin ji ɗaki ya yi shiru alhali waƙar mai sauƙi ce, to ba rashin sani ba ne, ke ma kama bakinki.

Ke kuma 'yar uwa da ƙawarki ta zo neman izininki a kan abin da ya shafi zuciyarki, in da ciwo ki ce da ciwo. Ba dole ki hana ta ba, amma ki faɗa mata gaskiya ku yi kukanku tare a ɗaki, ya fi ki haɗiye shekara guda sannan ya fito ta hanci a gaban mutum goma sha bakwai. Ke ma mai tambaya, in an ce miki ba komai, ki dubi idon mai faɗa, ki sake komawa bayan kwana biyu ki ƙara tambaya.

Ga aikin gida na ba ku kafin fitowa ta gaba. Kowacce ta je wajen kakarta, ko gwaggonta, ko innarta, ta ce a rera mata waƙar da aka yi mata reno da ita, ta koya har ta zauna. Ni na je na koyi ta Umma a wajen Gwaggo, ranar nan na ji Amarya tana yi wa jaririyarta. Ku rubuto mini yadda kuka yi da tsofaffinku, wasiƙar da ta fi daɗi za mu buga ta a nan.

Allah ya bar zumunci, ya ba 'yan mata mazaje nagari, ya tsare mana bakunanmu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

Taku har kullum, mai zauren.